Cin Abinci a Ƙananan Farantai



A ƙasar nan magidanci ba ya son a gan shi yana cin abinci a bakin hanya. Tuwo a gida ake cin shi. Wanda ya je kasuwar Maradi ya sha fura, ko ya sayi tsire aka ƙunsa masa a takarda ya kai wa iyali, ba mai ce masa komi. Amma mutum ya bar matarsa da tukunya bisa wuta, ya tafi gari ya zauna kan benci ya biya kuɗi a zuba masa abinci, wannan sai matafiyi, ko gwauro, ko wanda gidansa ba lafiya. Haka aka tashi aka tarar.

To, akwai wani dattijo a Jiratawa, kudu da Maradi, da ya shekara sittin da ƴan kai a kan wannan ra'ayi, har ran da ɗansa ya dawo daga Turai ya ja shi Sabon Gari cin abinci. Ku saurari labarin, domin a ƙarƙashin maganar abincin akwai maganar kuɗi da ta gona.

Dattijon yana da fili cikin aikin noman rani na Jiratawa, wanda aka buɗe a 1982, mai faɗin hekta 512. Yana noma zogala da tattasai da albasa. Da damina kuma ya hau jigawa ya shuka hatsi da aya. Yaron ɗan fari ne, shi ya sa uban bai taɓa kiran sunansa ba. «Kai» yake ce masa, ko «yaron nan». Yaron ya bi ta Agadas, ya shiga Aljeriya da Maroko, ya ƙetare teku cikin ƙaramin jirgin ruwa. Hanyar nan ta ci ƴaƴan mutane da yawa, shi kansa ba ya son a tambaye shi labarinta. Ya yi shekara bakwai a ƙasar Ispaniya, a Balensiya, birni na uku wajen girma a ƙasar, a bakin teku ta gabas. Aikinsa na fari tsinkar lemo ne lokacin sanyi.

Ran da aka gama tsinkar lemo ta shekarar farko, shugaban aikinsu ya ce su zo a je a ci abinci a gari. Su shida ne: Turawa biyu, mutumin Maroko guda, ƴan Senegal biyu, sai shi. Aka yi alkawari ƙarfe tara na dare, lokacin da Jiratawa ta daɗe da yin barci. Mutanen can ba su cin abincin dare da wuri. Yaron ya ƙi cin na rana, wai don ya bar wa naman Turawa wuri.

Suka shiga ɗaki mai tsawo, cike da mutane, wasu zaune, wasu tsaye, kowa yana magana da ƙarfi kamar kasuwar dabbobi. Abin da aka fara kawowa ƴaƴan zaitun ne, a wani faranti da bai fi tafin hannu ba. Ya ƙirga su: goma sha biyu, ga ƙarti shida. Ya dubi abokansa ya ga ba wanda ya yi fushi. Shi dai a ransa ya ce mai wurin nan ya raina su, don ya ga baƙaƙen fata a cikinsu.

Kafin ya gama tunanin aka kawo na biyu: wainar ƙwai mai kauri, da dankalin Turawa da albasa a ciki, an yanka ta gutsi-gutsi, kowane gutsure da tsinke a soke. Na uku soyayyen dankali da jan miya mai yaji. Na huɗu wasu ƙwarin teku masu ƙafafu da gashin baki, suna tafasa cikin man zaitun da tafarnuwa a ƴar kasko. Ya tsaya yana kallon su, sai ɗan Senegal ya ce masa ya ci, ai farar ruwa ce. Wanda ya ci soyayyar fara a Maradi ba ya gudun wannan. Aka kawo baƙar gauta an soya an yarfa mata zuma. Aka kawo cukun nonon tumaki, yanka shida sirara, kana iya hango fitila ta cikinsu. Aka kawo wani abu zobe-zobe da ya zaci albasa ce, ashe naman wata dabbar teku ce mai hannuwa da yawa. Ya tauna, ya tauna, ya haɗiye don kunya.

Ba wanda aka ba farantinsa shi kaɗai. Komi a tsakiya ake ajiyewa, kowa ya miƙa hannu. Wannan ya ba shi mamaki ƙwarai, domin ya zaci Bature ba ya haɗa hannu da kowa. Faranti ya ƙare a ɗauke, a kawo wani. Ana ci ana hira, ba gaggawa. Sun fi awa biyu a wurin.

Sunan wannan irin abinci tapas. A bakinsu «tapa» marufi ke nan, kamar faifan da ake rufe ƙwaryar fura. Ana cewa a da mai saida abin sha yakan ɗora yankan burodi a bakin kofi don ƙuda, daga nan aka fara ɗora ɗan nama ko cuku bisa burodin, har marufi ya zama abinci. A wasu garuruwan kudu, kamar Garanada, in ka sayi abin sha, ɗan farantin kyauta ake ba ka. A Balensiya kuwa sai ka biya.

Ga wani gargaɗi ga duk Musulmin da Allah ya kai shi can. A saman ɗakin akwai cinyoyi rataye a jere. Mutumin Maroko ya raɗa masa cewa na alade ne, ana sa musu gishiri a shanya su shekara guda ko fiye, kuma shi ne abin da mutanen ƙasar suka fi alfahari da shi. Wanda ke rataye ba shi da wuyar ganewa. Mai wuyar shi ne wanda aka daddatsa aka ɓoye cikin wake ko cikin ƴan dunƙulen fulawa. Har wani tsire gare su da suke kira tsiren Larabawan Magrib, amma yau yawancinsa naman alade ne. Saboda haka kowane faranti sai an tambaya. Giya ma tana yawo a tebur. Shi ruwa ya sha. Ba wanda ya matsa masa, shugaban aikin ma ya sa aka ware farantin aladen can gefensa.

Ƙasar ba baƙuwar Musulunci ba ce. Musulmi sun shige ta a shekarar 711, suka kira ta Andalus, mulkinsu na ƙarshe ya faɗi a Garanada a 1492. Sun tafi sun bar sunayensu a tukunya. Zaitun a can «asaituna» ake ce masa, sukari «asukar». Akwai wani dunƙulen nikakken nama da suke kira «albondiga», daga kalmar Larabci mai nufin ɗan ƙwallo. Tushensu guda da bindiga, domin harsashin da ɗan ƙwallo ne.

Can wajen faranti na goma sai yaron ya ji cikinsa ya cika, bai san lokacin da ya ƙoshi ba. Ya lura da wani abu kuma: kowane faranti sai a bar loma guda a ciki, kowa yana kallon ta, ba mai ɗauka. Ya tambaya, aka ce sunanta lomar kunya. Ya yi dariya, ya tuna akushin gidansu, inda manya ke janye hannu su bar wa ƙarami ta ƙarshe.

Dariyar ta tsaya da aka kawo takardar kuɗi. Ya zaci wanda ya kira mutane shi ke biya, kamar yadda aka sani a nan. Ina! Aka raba daidai, kowa Yuro 15. Yuro guda sefa 656 ne, wato dala 131 da ɗan kai. Ku yi lissafi: jikka 10 ba kaɗan. Ya biya hannunsa na rawa, yana auna tiyar hatsi nawa ya haɗiye a zama guda.

Da suka fito, suka biya wani shago aka sayo wani farin abin sha mai sanyi, wai shi orcata, abin taƙamar Balensiya. Ya kurɓa sau ɗaya ya tsaya cik. Kunun aya ne. Aya dai wadda kuka sani. Su ma suna noman ta a ƙauyukan arewa da birnin, kamar Alboraya, amma tasu ba ta isar su, sai sun sayo daga Afirka ta Yamma. Nijar na cikin manyan masu kai musu, kuma ayar Nijar yawancinta ta jihar Maradi ce: Agye, Cadawa, Gazawa, Madarunfa, Gidan Runji. Kofi guda Yuro 3, kusan jikka 2. Kilo guda na aya yana ba da lita 4 ko 5, tiya kuwa ta fi kilo 2. Ya tuna uwarsa da ƙannensa mata zaune cikin gonar da aka ƙone, suna tankaɗe ƙasa da rariya tun safe har la'asar, ƙura ta rufe musu ido, sannan a auna tiya a ba su abin da bai kai kuɗin kofin nan ba in kaka ta yi. Daren nan bai yi barcin kirki ba.

Daga baya ya bar gonar lemo ya samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci irin wannan. Shekara uku yana wanke ƙananan farantai, idonsa kuwa na kan mai girki. Ya ga komi da awo ake yi. Farantin dankali, dankali biyu ne a ciki. Burodin jiya ba a zubarwa, ana gasa shi a goga masa tumatir da mai ya zama faranti mai kuɗinsa. Buhu guda ya shigo ta ƙofar baya, ya fita ta ƙofar gaba faranti ɗari.

Da ya dawo gida da ɗan abin da ya tara, uban ya riga ya gama yi wa kuɗin wuri: shanun noma biyu, amalanke, ɗaki, aure. Yaron kuwa so yake ya kama shago a Sabon Gari ya buɗe gidan abinci na ƙananan farantai, da zogalar gonarsu da ayarsu. Uban ya ce ba da shi ba. Girki aikin mata ne, nama aikin mahauta ne, su kuwa manoma ne kaka da kakanni. Wata biyu ba su sake ta da maganar ba, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Yaron yana da kawu a Tibiri, ƙanen uwarsa, mai shanu da jajayen awaki, mutum mai son raha. Shi ya shiga tsakani. Ya ce wa surukinsa:

«Malam, ba a ƙin abin da ba a gani ba. Mu tahi mu gani. In shirme ne, ni da kaina zan raka ka kasuwa sayen shanun.»

Aka sa rana. Sabon Gari unguwa ce ta ƴan kasuwa da baƙi, ta tashi ne bayan ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maradi a 1945 aka hau da gari bisa tudu. Da an sallame isha'i, bakin titi sai ya cika da fitilu da hayaƙi: mai shayi da ƙwai da burodi, mai tsire, mai gasa zabi, mata masu ƙosai da awara da dambu da kwaɗo. Yaron ya shirya da wani mai shayi ya ba shi tebur a kusurwa, inda hasken fitila bai kai sosai ba, don ya san halin ubansa. Ya sayo ƙananan farantai goma a kasuwa, ya wanke su tas. Ya samu wani yaro ya riƙa aikensa.

Dattijon ya zauna a karkace, ya ja rawani ya rufe rabin fuska, yana duba ko akwai ɗan Jiratawa a kusa. Ɗan fari ba ya haɗa hannu da ubansa, don haka yaron tsaye ya yi yana ɗauko wannan yana ɗauke wancan. Ƙosai huɗu. Awara yanka shida da yaji. Tsire tsinke uku, an zare an yayyanka da albasa da tumatir. Soyayyar fara cikin cokali biyu. Wainar ƙwai da dankali, wadda ya tsaya ya nuna wa mai shayi yadda ake juya ta. Cukun da kawun ya zo da shi daga Tibiri, an gasa an ɓaɓɓalla.

«Kai, mi ne ne wannan? Sadaka ce ake rabo?» in ji uban.

«Baba, ku dai ci. Wani na tafe.»

Kawun bai jira an roƙe shi ba. Uban kuwa sai da aka kai faranti na huɗu ya miƙa hannu. Da kwaɗon zogala ya iso, ya ɗanɗana, ya murza ganyen da yatsa, ya ce wannan ta Jiratawa ce, yankan jiya. Ya sa aka tambayi mai kwaɗon kuɗin farantin. Dala 20. Ya yi shiru. Shi da safen nan ya saida buhu guda jikka 3. Ya fara lanƙwasa yatsu. Buhu zai ba da faranti kamar 60, jikka 6 ke nan. Yaron ya fara murmushi. Uban ya ɗaga masa hannu, ya ci gaba: a fidda kuɗin ƙuliƙuli, da mai, da gishiri, da itacen dafuwa, da kuɗin mota, da wanda zai kwana ya lalace. Riba akwai, in ji shi, amma ba irin wadda yaro ke faɗi ba. Kofin Turawan nan na jikka 2 ma, ai akwai kuɗin jirgi a ciki, da hayar shago, da lantarki, da albashin mai wanke kofin.

Gaskiya ya faɗa. Manomin da ya shekara arba'in yana ciniki da dillalai ba a koya masa lissafi. Sai dai shi da kansa ya ƙara da wata magana. Ya ce yana yaro ya ga lokacin gyaɗa, sa'ad da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke tara buhuna a Maradi kamar duwatsu, kamyo-kamyo na kwasa ana kai wa Turai. Ubansa ya noma gyaɗar nan har ya tsufa, bai taɓa ganin inda take sauka ba, balle ya san nawa ake saida ta a can. Yau ga ɗansa ya je ya ga inda aya ke sauka da idonsa. Wannan kam, in ji shi, wani abu ne.

Kawun ne ya kawo tambayar da ta fi wuya. Ya lashe yatsa ya ce:

«Ɗana, abincin ya yi daɗi. Amma wa zai saya? Ɗan kabu-kabu mai dala 50 tudun shinkafa da wake yake so, ya ci ya sha ruwa ya koma aiki. Alhazai kuwa gida suke ci. Ka ba mutumin Maradi ƙosai huɗu a faranti, ai sai ya zage ka.»

«Kawu, akwai ma'aikata, da ɗaliban jami'a, da baƙi masu kwana a gari.»

«Su nawa ne?»

Yaron bai da amsa. Kawun yana da rabin gaskiya, domin mai yunwa ba ya hira da faranti. Sauran rabin kuwa yana gabansu a bakin titi. Matan Sabon Gari sun daɗe suna saida abinci kaɗan-kaɗan, ƙosan dala 5, awarar dala 10, dambun dala 20, mutum ya taɓa nan ya taɓa can har ya ƙoshi. Ba wanda ya je Ispaniya ya koyo musu. Abin da Turawan suka ƙara shi ne rufi, da kujera, da ruwan wanke hannu mai tsabta, da allo da aka rubuta kuɗin kowane abu don kada a yi gardama. Duk wanda ya shiga yaƙi da jahilci ya iya karanta allon nan, ya iya rubuta shi kuma. Akwai kuma tambayar da ba wanda ya yi a teburin: in shagon ya karɓu, matan nan zai riƙa saye gare su, ko cinikinsu zai janye?

Na ƙarshe kunun aya ne mai sanyi, wanda uwar yaron ta dama a ɓoye ta aiko a jarka. Dattijon ya gane hannun matarsa tun kurɓar farko, ya harari ɗan, bai ce komi ba. Aka tara kuɗin duka, har da shayi da ladan ɗan aike: jikka 2 da dala 60. A farantin tsire kuwa saura yanka guda, kawun na kallon shi, uban na kallon shi. Yaron ya gaya musu sunan da Turawa ke kiran wannan loma. Kawun ya yi dariya har ya ƙware. Uban ya ce a ba shi takarda, ya ƙunshe naman ya sa aljihu, wai na autan gida ne.

Sai da suka zo wurin hawa babur ya yi magana, ba tare da ya dubi ɗan ba, kamar da kawun yake. Ya ce a gaya wa yaron nan ba maganar shago bana. Rabin kuɗin a sayi shanu. Sauran ya kafa tebur da rumfa a Sabon Gari ya gwada rani guda, a ga abin da zai fito. Uwarsa ba za ta zauna bakin titi ba, kunun a gida za a dama a kai masa. Zogala kuma ya saya kamar kowa, farashin kasuwa, kuɗi hannu.

Ran Juma'a da sassafe yaron ya je Jiratawa da babur ɗaukar buhun farko. Ya miƙa jikka 3. Uban ya ƙirga sau biyu, ya ce ta tashi tun shekaranjiya, saura dala 50. Uwar kuma ta leƙo daga ɗakin girki ta ce ita ma ba a yi maganar ladan damunta ba tukuna.